Inhela a Gindin Hasumiya

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Mutanen gida lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya ajiye sanda, Inna kuma tana nan da mitarta cewa ba na cin abinci.

Na san sai kin ɗan yi tunani kafin ki gane ni. Ni ne autan ɗan baffanki, wanda ya zubar miki da shayi a riga ranar taron dangi. Tun daga nan ba mu sake haɗuwa ba. Na gama karatun injiniya bara, yanzu ina aikin gwaji da wani kamfani mai kafa hasumiyar sadarwa, wadda mutane ke cewa ƙarfen sabis. Inda muke babu sabis, tunda mu ne masu kawo shi. Shi ya sa kika ga takarda. Direban da ke kawo mana kaya shi ke kai wasiƙu gidan waya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kafin in fito aiki na yi fama da tari, ƙirjina kuma yana matsewa kamar an ja masa bel. Likita ya auna ni, ya ce asma ce. Ya ba ni inhela biyu: mai ruwan ƙasa safe da yamma, shuɗiya kuma in numfashi ya matse. Na tambaye shi ko zan iya hawa sama, ya ce in ciwon ya zauna lafiya babu abin da zai hana.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce ai Goggonka alƙaliyar wasa ma fuka gare ta tun tana yarinya. Ban yarda ba. Na taɓa ganin bidiyonki a wasan ƙarshe na mata, kina gudu daga raga zuwa raga, 'yan wasan da kika haifa suna haki a bayanki. Na koma na sake kallonsa. Ba ƙwallon nake bi ba, fuskarki nake dubawa in ga inda za ki tsaya neman iska. Ban gani ba. Kin busa usur ɗin tashi da ƙarfin da kika busa na farawa. Goggo, yaya ake yi?

Akwai kuma matsala ta biyu. A aikinmu doka ce: ba a hawa da abin da ba a ɗaure ba. Sifana, sukundireba, har biro, kowanne da igiyarsa a jikin ɗamarar hawa. Kafin mu taka ƙarfe Foman kan lalube aljihun kowa da kansa. Dokar gaskiya ce, don na ga noti ɗaya ya faɗo daga sama ya huda murfin tankin roba. To inhela ba ta da kafar da za a zura igiya. In na nuna masa zai tambaya, in ya ji asma ce ina tsoron ya mayar da ni ɗakin ajiya in riƙa miƙa wa mutane kaya. A ƙarshen gwaji shi zai zaɓi waɗanda za su zama mahaya. Ina son aikin nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Zuwa yanzu ƙananan hasumiyoyi muke hawa, amma manya na tafe.

Ki gafarce ni da dogon surutu.

Ɗanki,
Auta

*

Injiniya mai shayi,

Wa alaikumus salam. Ban manta ka ba, rigar ma ba ta manta ba. Muna lafiya. Maigida na gaishe ka, ya ce a ce maka a danginku kowa sai ya nemi aikin da zai tayar wa mutane hankali. Ka gaishe min da Yaya, ka ce ya daina gudu da ƙafar don ta yi sauƙi.

Ka ce ba ka ga inda na tsaya neman iska ba. Ai mai ɗaukar bidiyo ba ya zuwa gidana da safe. A can ake yin aikin.

Ka riƙe mai ruwan ƙasan nan. Ita ce mai tsaron baya: ba a yi mata tafi, ba ka jin ta yi komai, amma ranar da ka ajiye ta za ka ga ƙwallo a raga. Ka shaƙa ko kana jin kanka garau, ka kurkure baki bayan nan. Shuɗiyar kuwa in ka ga kana yawan neman ta, ba jarumta ba ce, saƙo ne cewa ka koma wurin likita. Ni likitana ya ce in shaƙe ta kafin wasa, sannan in ɗumama jiki a hankali, ba in faɗa gudu kai tsaye ba. Ka tambayi naka ko kai ma haka za ka yi.

Sannan ka san maƙiyanka. Nawa sabuwar ciyawar da aka yanke ce, da hayaƙin taba daga wajen 'yan kallo, da mura. Naka za ka gano su da kanka, tunda na ga alama kai mai bin diddigi ne. Wasiƙarka kamar rahoton alƙali.

Batun aljihu ya ba ni dariya, don ni ma a fili ba na riƙe inhela a jikina. Aljihuna na kati ne. Tana can bakin layi wurin alƙali na huɗu, kuma shekara da shekaru ban taɓa tsayar da wasa saboda ita ba.

Asma ba ta hana ni komai ba sai raini. Kar ka raina ta, kar kuma ka durƙusa mata. Allah Ya tsare min kai a can sama. Ni ko tsanin gida ba na iya hawa.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ni ma lafiya, tarin ya tafi gaba ɗaya. Na bi maganarki a kan mai ruwan ƙasa, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Lokacin hutu na ga likita, ya amince in riƙa shaƙar shuɗiyar kafin hawa.

Wasiƙarki ta sauke min dutse daga ƙirji. Na karanta wurin da kika ce ba kya riƙe inhela a fili, na ga ashe mafitar a gabana take. Zan shaƙa a ƙasa, in bar ta cikin jakata a mota, in hau da aljihu wayam. Ban karya dokar Foman ba, ban kuma buɗe wa kowa cikina ba. Idan ke kina gudun wasa guda ba ita a jikinki, ni da nake hawa a hankali me zai same ni?

An haɗa ni da wani abokin hawa, ana ce masa Ƙadangare, don in ya manne wa ƙarfe sai ka rantse a nan aka haife shi. Ba ya rufe baki. Ya ce ni ne mutum na farko da ya gani yana karanta takardar da ke cikin kwalin hular kwano.

Kwanan nan za mu koma wata sabuwar hasumiya mai tsawon mita saba'in. Damina ta kankama, direba ya ce hanya na iya yankewa, don haka in kin ji shiru ba wani abu ba ne. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya. Ka karanta wannan kafin ka sake taka ƙarfe.

Ba haka na ce ba. Bakin layi yana nan kusa da ni, in na ɗaga hannu an kawo kafin in sauke shi. Kuma ba a jaka take a rufe ba, a hannun mutum take, mutumin da ya san abin da ke damuna, ya san fuskata in ta canza. Duk alƙalan da nake aiki da su sun sani. Masu ba da agaji a filin sun sani. Kai kuwa za ka bar ta a mota, kana can inda tsuntsu ke kwana, ba wanda ya san komai. Wannan ba dabarata ba ce.

Ka je wurin Foman ɗin nan ka gaya masa. Mutumin da ke ɗaure biro ba zai rasa yadda zai ɗaure inhela ba.

Goggonka

*

Auta,

Shiru ya yi yawa. Na kira Yaya da sunan gaisuwa, ya ce su ma ba su ji daga gare ka ba, wai ruwa ya cinye hanya. Ban ce masa komai ba. Jiya a fili na ɗaga kai na hango wata hasumiya a bayan 'yan kallo, har sai da mataimakiyata ta ɗaga tuta ban gani ba. Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, da hannuna nake rubutu, ki fara da wannan. Ina fatan ku ma kuna lafiya. Wasiƙunki biyu tare suka iso, bayan an gyara gada. Abin da kike tsoro ya riga ya faru. Zan faɗa miki shi yadda ya kasance.

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na shaƙi mai ruwan ƙasa, na shaƙi shuɗiya, na sa ta a jaka, na rufe mota. Foman ya lalube ni bai sami komai ba. Muka fara hawa, Ƙadangare a gaba yana waƙa.

Har muka wuce rabi ban ji komai ba sai daɗi. Daga nan abubuwa uku suka haɗu. Iskar sama ta fi ta ƙasa sanyi sosai. Masu wuta suka kunna janareta don gwaji, hayaƙin ya biyo cikin ƙarfen ya same mu. Da muka isa dandamalin sama kuma, sai muka tarar tsuntsaye sun yi sheƙa, Ƙadangare ya sa ƙafa ya share, ƙura da gashi suka tashi a fuskata.

Tari ya fara. Sai ƙirjina ya soma kuka, ina jin sa da kunnena. Hannuwana suka maƙala ƙugiyoyin ɗamarata biyu a ƙarfe tun kafin in yi tunani, wannan kam horo ya yi rana. Na zauna a miƙe na jingina. Na kai hannu aljihu, alhali na san babu komai a ciki.

Ƙadangare ya daina waƙa. Ya tsuguna ya tambaye ni mene ne. Ban iya haɗa magana ba. Na ce masa, "Asma. Jaka. Mota." Ya dube ni kamar zai mare ni, sai ya ɗauki rediyo. Na ji muryar Foman, bai tambayi komai ba sai launin jakar. Aka kashe janareta.

Muna da igiyar da muke jawo kaya da ita. Suka sa inhelar cikin jakar sifana, suka ɗaure baki, suka rataya ta a igiyar. Ƙadangare ya tsaya yana ja hannu bayan hannu, yana ce min in saki kafaɗa, in fitar da iska a hankali, wai ƙanwarsa ma haka take yi.

Goggo, ban san yadda zan bayyana miki abin da na gani ba. Ina zaune a tsakiyar iska. Iska ta ko'ina, daga nan har inda ƙasa ta haɗu da sama, tana kaɗa rigata, tana tura gajimare kamar garken tumaki, ni kuwa cikin cokali nake nema ban samu ba. Wani shaho ya wuce ta ƙarƙashina. Ban taɓa ganin bayan shaho yana tashi ba. Bai kaɗa fiffike ba ko sau ɗaya, iskar da ta ƙi shiga ƙirjina ita ke ɗauke da shi. Can ƙasa kuma ga jakar, ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, tana juyawa, tana girma. Tsoro na nan, ba zan ɓoye ba. Amma tare da shi akwai wani abu mai kama da abin da mutum ke ji in ya tsaya salla da zuciya ɗaya. Tun da aka haife ni ake ba ni numfashi, ban taɓa lura cewa kyauta ce ake yi min ba.

Jakar ta iso. Na girgiza inhelar, na shaƙa, na riƙe, na jira, na sake, yadda likita ya koya min. A hankali bel ɗin ya fara saki. Iskar farko da ta kai ƙasan ƙirjina sanyi gare ta kamar ruwan randa. Na yi hawaye, Ƙadangare ya yi kamar yana duba noti.

Da na huta suka ɗaura min igiyar ceto, na sauko da ƙafafuna, shi yana ƙarƙashina. Foman ya sa aka ba ni ruwa, ya jira har na iya magana cikakkiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka nuna min, da na ɗaure maka ita kamar sifana. Ba don in kama mutane nake lalube aljihu ba, don in san abin da ke sama da kaina ne." Sannan ya ce ba zan ƙara hawa ba sai likitan kamfani ya gan ni, shi kuma zai yi nasa tunanin.

A ranar aka kai ni asibitin da ke kusa aka duba ni. Yanzu ina ɗakin ajiya ina miƙa kaya, wurin da na yi ta gudu. Na sake karanta wasiƙarki ta farko. Kin rubuta cewa tana wurin alƙali na huɗu. Ni inhelar na gani, ban ga mutumin ba.

Ɗanki,
Auta

*

Ɗana,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa, sauran a zaune na ƙarasa. Muna lafiya, yanzu kam har da ni. Ka gaishe min da Ƙadangare, ka ce Goggo ta ce ya ci gaba da waƙarsa.

Ba zan yi maka faɗa ba, ƙarfe ya riga ni. Ni ma da na san da mai bin doka kalma-kalma nake magana, da na ƙarasa zancen.

Yanzu batun likita. Kar ka je kana roƙo, kar ka je kana rage zance. Ka kai masa komai: sanyin, hayaƙin, sheƙar tsuntsayen, abin da ka shaƙa da yadda ya saki. Wannan bin diddigin naka a nan zai yi maka amfani. Ka tafi da inhelolin ka shaƙa a gabansa ya gani. Ni duk shekara sai an auna ni kafin a ba ni usur, kuma akwai shekarar da aka ce in zauna sai ƙirjina ya daidaita. Na zauna, na dawo. In ya ce ka jira, jira ne, ba kora ba.

Ka gaya wa Inna da bakinka kafin ta ji a wani wuri.

Abin da ka rubuta game da shahon nan, na karanta wa maigida. Shekaruna nawa da ciwon nan ban taɓa samun kalmominsa ba sai a takardarka.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Gida lafiya. Na gaya wa Inna. Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta tambaya ko a can sama ana ba mu abinci.

Na ga likitan kamfani, mace ce mai ƙarancin magana. Na faɗa mata komai. Ta sa na hura na'urar auna numfashi, na yi ta hawa da sauka a kan akwati har na jiƙe, na sake hurawa. Da na shaƙi inhela a gabanta sai ta ce ina zuƙa da gaggawa, rabin maganin a maƙogwaro yake tsayawa. Ta ba ni wani bututu da ake haɗawa da inhelar, da ƙaramar na'urar auna numfashi da zan riƙa hurawa kullum. Ni da na haddace takardar cikin kwalin, ashe ban iya ba.

Ta amince in hau, bisa sharuɗɗa. Shuɗiyar ta kasance a jikina. Abokin hawana ya san inda take da abin da zai yi. Ba hawa ranar da nake mura ko na'urar ta nuna numfashina ya ragu. Ba a kunna janareta muna sama, in akwai sheƙa kuma in sa takunkumi.

Saura Foman. Ya karanta takardarta, ya ninke, ya sa a aljihu. Kwanakin da suka biyo baya na ci gaba da miƙa kaya, na fara sallamawa. Sai wata safiya ya ajiye min wata 'yar jaka mai zif a kan tebur, an ɗinka mata zoben ƙarfe da igiya. Ashe gari ya kai ta wurin mai ɗinkin tanti, har da awon bututun. Ya ce in sa ɗamara.

Hasumiyar nan dai muka koma. A hankali na fara hawa. Ƙadangare ya riƙa tsayawa yana tambayata sunayen ƙasusuwan jikin mutum, wai in na iya amsa da dogon bayani to numfashina lafiya. Muka kai dandamali. Na daidaita farantin sadarwa, na ɗaure notuna, na gama aikina. Ban buɗe zif ɗin ba.

Kafin mu sauko na tsaya na duba. Daga nesa ruwa na zuba a kan wasu gonaki, tsaye kamar labule, gefensa kuma rana na haska wani kogi. Ban san ana iya ganin inda ruwan sama ya ƙare ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso mu tun daga can. Na ja shi har ƙasan ƙirji, na sake ja, babu abin da ya tare shi.

Da muka taka ƙasa Foman na tsaye yana naɗe igiya. Bai ɗago ba. Ya ce akwai sabuwar hasumiya a bayan dutse, ta fi wannan tsawo, ni da Ƙadangare za mu yi ta. Na tambaye shi ko wannan na nufin gwajin ya ƙare. Ya ce, "Injiniya, sai na rubuta maka a kwali kafin ka gane?"

Gobe za mu tashi. Na duba numfashina, yana inda ya kamata.

Ɗanki mai hawa,
Auta